Tambaya da Amsa: Saita Mai da Iska a Kafiretar Tsohuwar Mota

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a kwanakin nan sun shafi kafireta, musamman ɗan sukurun nan da ake juyawa domin daidaita mai da iska. Na zaɓi biyar daga cikinsu na taƙaita, domin amsoshinsu suna da nasaba da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da tsohuwar Peugeot 504 mai kafiretar Solex. Duk lokacin da na tsaya, injin yana rawa kamar zai mutu, wani lokaci ma yakan mutu, kuma salansa tana fitar da baƙin hayaƙi mai warin fetur. An ce mini saitin mai ne ya lalace, ni kuma ina so in koyi gyara shi da hannuna. Daga ina zan fara? Daga wani direba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi tunani mai kyau, domin aiki ne da ba ya buƙatar kayan aiki masu yawa, haƙuri da kunne ya fi buƙata. Sai dai kafin ka ɗauki sukundireba ya kamata ka san iyakar abin da sukurun yake iya yi, domin rashin sanin haka ne yake sa a bar jaki a yi ta dukan taiki.

Injin fetur cakuɗin mai da iska yake ƙonawa. Domin fetur ya ƙone ƙurmus ba tare da ragowa ba, kowane kilo 1 nasa yana buƙatar iska kilo 14.7, wato lita 1 ta fetur tana cin iska kimanin lita 9,000. Wannan shi ne ma'aunin tsakiya, amma inji ba ya zama a kansa kullum. Lokacin da ake neman cikakken ƙarfi, kamar hawan tudu da kaya, ya fi son kashi 12.5 zuwa 13 na iska a kan kashi 1 na mai, a tafiya mai sauƙi a miƙaƙƙiyar hanya kuma yana iya wadatuwa da kashi 15 zuwa 16. Da sanyin safiya, kafin ƙarfe ya ɗumama, yawancin man ba ya zama tururi, mannewa yake yi a jikin manifol, wato bututun da ke kai cakuɗin daga kafireta zuwa cikin inji, shi ya sa ake jan cok a rage iska domin man ya ƙaru. Lamarin kamar lagwanin fitila ne, wanda idan aka ɗaga shi da yawa sai hayaƙi da baƙin gilashi, idan kuma aka sauke shi da yawa sai wutar ta yi ta rawa har ta mutu.

Kafireta da tsotso kawai take aiki. Akwai wurin da aka tsuke a maƙogwaronta, idan iska ta ratsa wurin sai gudunta ya ƙaru, matsinta ya ragu, ta janyo mai daga ɗan kwanon da ke gefe ta cikin babban jet, wato ɗan ƙarfe mai siririyar ƙofa da ke auna man da zai wuce. Masanin Italiya Giovanni Battista Venturi ne ya yi bayanin wannan ɗabi'a a 1797, kuma da sunansa ake kiran tsukakken wurin. To amma idan inji yana silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, faifan totur a kusan rufe yake, iskar da ke wucewa ba ta da ƙarfin janyo komai daga babban jet. Saboda haka aka yi wa man wata hanya dabam, ya bi ta ƙaramin jet na silo, ya gauraya da 'yar iska, ya fito ta wata 'yar ƙofa da ke ƙarƙashin faifan totur, inda tsotson inji yake da ƙarfi. A bakin wannan ƙofa sukurun saitin mai yake zaune da tsininsa. Ke nan ikonsa bai wuce silo da farkon taka totur ba. Da zarar mota ta ɗauki hanya, aikin ya koma hannun babban jet, da jet na iska da ke tafiya tare da shi, da ɗan famfon da ke fesa mai idan aka danna totur ba zato, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da sukurun yake taɓawa.

Wannan ne ya sa nake cewa saitin mai shi ne aikin ƙarshe. Kafin a kai gare shi sai an duba tazarar bawul kamar yadda littafin motar ya faɗa, a duba fulogi, a gyara tazarar kwantak na cikin distributa, wadda a yawancin injuna masu silinda 4 milimita 0.4 ce, sannan a saita taimin, wato lokacin da fulogi yake ba da wuta. Jerin yana da muhimmanci, domin canza tazarar kwantak yana sauya taimin, shi kuwa taimin yana sauya gudun silo da ƙarfin tsotso. Wanda ya saita mai a kan taimin da ya karkace, ranar da aka gyara taimin sai ya sake aikinsa daga farko.

Alamun motarka, wato baƙin hayaƙi da warin fetur a silo, suna nuna mai ya rinjayi iska, kuma abubuwa uku nake fara zargi kafin sukuru. Na farko matatar iska da ta toshe da ƙura. Na biyu cok da ba ya buɗewa gaba ɗaya bayan inji ya ɗumama. Na uku, wanda ya fi yawa a tsofaffin motoci, tsayin mai a cikin kwanon kafireta. A cikin kwanon akwai fulot da ke yawo a saman mai, idan mai ya kai iyakarsa sai ya tura allura ta toshe mashiga. Idan allurar ta cinye, ko datti ya maƙale a bakinta, ko fulot ɗin ya huje ya sha mai ya yi nauyi, man zai haura iyaka ya riƙa zuba cikin inji ba tare da an neme shi ba. Haka ma idan an sauya famfon mai da na lantarki mai ƙarfin da ya wuce kima, domin irin su Solex da Weber matsin da bai wuce psi 3 zuwa 4 ba suke so (psi ma'aunin matsi ne). Gwajin yana da sauƙi. Ka ɗumama injin, ka kashe shi, ka cire matatar iska, ka haska maƙogwaron kafireta da tocila. Idan ka ga mai yana ɗiga alhali inji a kashe yake, matsalarka tana kwano, kuma juya sukuru ba zai magance ta ba.

Idan duk wannan ya yi daidai, sai ka zo ga saitin. Ka bar injin ya kai cikakken zafinsa na aiki, ka tabbata cok a buɗe yake, giya a firi, birkin hannu a sama, fitilu da na'urar sanyaya ɗaki a kashe, matatar iska kuma a mazauninta in dai hannunka zai kai ga sukurun. Za ka ga sukuru biyu. Ɗaya yana tokare da hannun totur, shi ne na gudun silo. Ɗayan yana shiga cikin jikin kafireta ta gindinta, sau da yawa da ɗan sifirin a wuyansa, shi ne na mai. Da inji a kashe, ka juya na man ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ka ji ya zauna, ka rubuta adadin domin ka san inda za ka koma idan abu ya rikice. Ina roƙonka kada ka ɗaure shi da ƙarfi. Tsininsa na tagulla ne, jikin kafireta kuma ƙarfe ne mai laushi, ɗauri ɗaya ya isa ya yi wa tsinin zobe ko ya faɗaɗa ƙofar, daga nan saiti ba zai sake zama daidai ba. Sai ka warware shi zagaye 2, ko adadin da littafin motar ya bayar, wanda galibi tsakanin zagaye ɗaya da rabi ne da biyu da rabi.

Ka tayar da injin, ka daidaita sukurun gudu zuwa zagaye 750 zuwa 900 a minti, inda yawancin tsofaffin injuna masu silinda 4 suke silo. Yanzu ka shigar da sukurun mai rubu'in zagaye, ka dakata daƙiƙa 10 zuwa 15 kana saurare, domin inji ba ya amsawa nan take, sannan ka ƙara wani rubu'in. Za ka kai inda gudun zai fara sauka, injin ya fara tsallake bugu, wannan shi ne gefen ƙarancin mai. Daga nan ka riƙa warwarewa rubu'i rubu'i, za ka ji gudun yana hawa, sautin yana gyaruwa, har ya kai ƙololuwa, idan kuma ka ci gaba sai ya fara nauyi yana tangaɗi, salansa ta fara wari, wannan shi ne gefen yawan mai. Wurin da kake nema yana tsakaninsu, inda injin ya fi gudu kuma sautinsa ya fi daidaituwa. Tun da gudun ya ƙaru, sai ka mayar da shi inda yake da sukurun gudu, ka sake bin sukurun mai sau ɗaya ko biyu, kana ɗan taka totur jefi-jefi domin man da ya taru a manifol ya wuce. Idan kana da agogon auna tsotso, ka haɗa shi da manifol ka nemi inda allurarsa ta fi hawa kuma ta tsaya cak. Lafiyayyen inji a ƙasa mai daidai da teku yakan nuna inci 17 zuwa 21 na zaiba.

Littattafan motocin da aka ƙera daga shekarun 1970, lokacin da dokokin hayaƙi suka fara tsananta a Amurka da Turai, sukan ce bayan an sami ƙololuwa a ɗan ƙara shigar da sukurun har gudun ya ɗan sauka kaɗan, domin rage guba a hayaƙi. A inji mai lafiya wannan daidai ne. A injin da ya tsufa kuwa na fi son a bar shi a ƙololuwar, domin shi ne zai jure nauyin fitilu da na'urar sanyaya ɗaki ba tare da ya mutu ba. Ka gwada ta kunna su duka, sannan ka taka totur ka sake shi, ka ga ko injin zai dawo silo ya zauna lafiya. Idan kuma ka ga wurin da ya fi daɗi bai kai zagaye 1 ba, ko ya haura zagaye 3 da rabi, to akwai wata matsala da sukurun yake rufewa, ko jet na silo ba nasa ba ne.

Kada ka yi wannan aiki a rufaffen gareji, domin hayaƙin inji yana ɗauke da iskar guba marar wari da ke kisa. Ka kiyaye hannun rigarka daga fanka da fambel, kuma kada ka leƙa maƙogwaron kafireta inji yana aiki, domin takan yi aman wuta.

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Motata tsohuwar Toyota ce mai kafireta. Na yi ƙorafin shan mai, sai bakanike ya shigar da sukurun mai ya kuma sa mini ƙaramin jet. Tun daga ranar motar take gardama idan na taka totur, tana tari ta kafireta, tana zafi a hawan tudu, kuma ban ga ragin shan man ba. Me ya faru? Daga wata mai karatu.

Amsa: Barka kadai, Hajiya. Abin da aka yi miki gyaran gangar auzinawa ne, kuma shawarata ita ce kada ki yi doguwar tafiya da motar sai an mayar mata da jet ɗinta na asali.

Tunanin da ke bayan wannan gyara shi ne idan aka tsuke hanyar mai dole inji ya rage sha. A zahiri inji yana buƙatar wani adadin ƙarfi kafin ya ja mota, idan cakuɗin ya yi ƙarancin mai sai ƙarfin ya ragu, direba ya ƙara taka totur domin cike giɓin. Ƙara taka totur yana sa ɗan famfon fesa mai ya yi ta aiki, yana kuma buɗe bawul ɗin ƙarin mai da aka tanada domin aiki mai nauyi, sai abin da aka rage ta nan ya fita ta can. Ƙari a kan haka, idan mai ya yi kaɗan ainun, wani bugun ba ya kamawa sam, man da ya shiga silindar ya fita ta salansa ba tare da ya yi aikin komai ba.

Tarin da kike ji yana da dalili. Cakuɗi mai ƙarancin mai a hankali yake ci, har yakan kai lokacin da bawul ɗin shigar iska zai sake buɗewa wutar ba ta gama mutuwa ba, sai ta kama sabon cakuɗin da ke manifol ta fito ta kafireta. Zafin kuma shi ne abin da ya fi damuna. Ƙarin man da masu ƙera inji suke bayarwa lokacin aiki mai nauyi yana sanyaya ɗakin ƙuna, kuma da gangan suka sa shi. Idan aka janye shi, bawul ɗin fitar hayaƙi yana ɗaukar zafin da ya fi ƙarfinsa har bakinsa ya ƙone, cakuɗin kuma yakan fashe da kansa kafin wuta ta gama ratsa shi. Wannan fashewa ita ce ƙarar ƙas-ƙas da ake ji a hawan tudu, kuma idan ta daɗe tana iya karya ringi ko ta huda kan fistan. Man da aka yi niyyar tsimi ba zai taɓa biyan wannan asara ba.

Shan mai na gaskiya yana da wuraren da ake nemansa. Taimin da ya yi jinkiri yana kan gaba, tare da 'yar robar nan ta jikin distributa da ke gabatar da wuta idan tsotso ya ƙaru, wadda idan ta yage mota za ta riƙa tafiya lafiya amma tana shan mai a ɓoye. Sai cok da ya maƙale, da fulot da ya hau sama, da robar bawul ɗin ƙarin mai da ta tsage, da matatar iska da ta toshe. Cire tamostat ma yana jawo shi, domin injin da bai kai zafinsa na aiki ba ba ya ƙona mai yadda ya kamata. Bayan inji kuma akwai birkin da ke riƙewa, da tayoyin da iskarsu ta yi ƙasa, da yoyon tiyo ko tanki. Ki sa a zaro sandar auna baƙin mai a shinshina, idan tana warin fetur ko man ya haura alama, to fetur yana gangarawa cikinsa daga kafireta ko daga robar famfon mai, sai a gyara a kuma juye baƙin man, domin fetur yana wanke maiƙon jikin silinda.

Kafin gyara da bayansa ki auna shan man da lissafi. Ki cika tanki fal, ki rubuta lambar kilomita, ki yi zirga-zirgarki ta yau da kullum, ki sake cikawa fal, sannan ki raba kilomitar da kika yi da litar da ta shiga. Allurar agogon mai ba ta isa shaida ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗan koyon kanikanci ne. An kawo mana Volkswagen Beetle, na yi ta juya sukurun mai ciki da waje amma injin bai canza sauti ba, har na rufe shi gaba ɗaya bai mutu ba. Shin sukurun ne ya lalace? Daga wani ɗan koyo.

Amsa: Ƙanena, ka lura da abin da da yawa ba sa lura da shi, kuma gwajin da ka yi ya riga ya ba ka rabin amsa. A kafireta mai lafiya, idan aka rufe sukurun mai dole inji ya yi tangaɗi ya mutu, tun da an toshe ƙofar da yake samun mai a silo. Idan bai mutu ba, yana samun mai ta wata hanya, aikinka shi ne gano ta.

Hanyar da ta fi yawa ita ce faifan totur da aka buɗe fiye da kima. A jikin maƙogwaro, dab da gefen faifan, akwai wasu ƙananan ƙofofi da aka yi domin su ba da mai a tsakanin silo da lokacin da babban jet zai karɓi aiki. A silo faifan ya kamata ya rufe su ko ya bar kaɗan. Idan inji yana mutuwa saboda taimin ya yi jinkiri ko bawul ya matse, sai wani ya ɗaga sukurun gudu domin ya raya shi, faifan ya haura waɗannan ƙofofi, injin ya koma sha daga gare su, sukurun mai ya zama ba shi da ta cewa. Irin wannan inji ne kuma yakan ci gaba da bugawa bayan an kashe makulli. Maganinsa a gyara taimin da bawul, gudun silo zai hau da kansa, sai a sauke faifan zuwa mazauninsa. Hanya ta biyu ita ce kwano da ke ambaliya, kamar yadda na bayyana a amsar farko.

Game da Beetle akwai abin da ya kamata ka sani. Idan kafiretar Solex 34 PICT-3 ce, ba da sukurun hannun totur ake saita gudun silonta ba. A gefenta na hagu akwai sukuru biyu, babban yana buɗe wa iska hanyar kewaye, shi ne na gudu, ƙaramin kuma shi ne na mai, ana fara shi daga zagaye 2 da rabi, a nemi gudun kusan zagaye 850 zuwa 900 a minti. Faifanta a kusan rufe yake zama, kuma wanda ya ɗaga shi da sukurun hannun totur ya rusa tsarin gaba ɗaya. Tana kuma da ɗan bawul na lantarki da ke yanke silo idan an kashe makulli. Ka kunna makulli, ka cire wayarsa ka mayar, ya kamata ka ji ɗan ƙaran motsinsa, idan shiru ne to shi ma abin dubawa ne.

Akwai kishiyar matsalarka, wato a yi ta warware sukuru har ya kusa faɗowa amma inji bai ƙoshi ba, sai an ɗan ja cok yake zama. Wannan ko jet na silo ne ya toshe, ko iska tana satar shiga ta wani wuri, kamar gaskit ɗin gindin kafireta, ko tiyon tsotso da ya tsage, ko sandar faifan totur da ta cinye mazauninta tana lilo, a Beetle kuma har da robobin da ke haɗa manifol. Ka fesa ɗan maganin wanke kafireta a wuraren da kake zargi, nesa da salansa da wayoyin wuta, da abin kashe gobara a kusa. Inda sautin inji ya canza, nan ɓarakar take. Toshewar jet kuwa da maganin wanki da iskar kwamfuresa ake buɗe ta, ba a zura mata waya.

Ka kuma riƙe cewa ba duk sukuru ne yake auna mai ba. A wasu kafiretoci, musamman na babura, iska yake aunawa, warware shi rage mai ne. Irin SU ta tsofaffin motocin Ingila kuwa noti ne a ƙarƙashinta yake ɗaga jet ko ya sauke shi, kuma saitinsa yana shafar tafiyar gaba ɗaya.

Tambaya: Malam, gaskiya ne launin fulogi yana nuna ko saitin mai daidai ne? Daga wani dattijo mai tsohuwar Datsun.

Amsa: Gaskiya ne, Baba, amma da sharaɗi. Idan farin tangaran da ke tsakiyar fulogi ya yi ruwan ƙasa mai haske ko toka-toka, cakuɗin yana kusa da daidai. Baƙi busasshe mai kama hannu yana nufin mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Baƙi mai danshi da maiƙo baƙin mai ne yake haurowa ta ringi ko ta hanyar bawul, babu ruwan kafireta. Fari fat mai ƙyalli ko ƙuraje alamar zafi ce, daga ƙarancin mai, ko taimin da ya yi gaba da yawa, ko fulogin da ba na injin ba.

Sharaɗin shi ne fulogi yana nuna yanayin da inji ya fi daɗewa a ciki kafin a kashe shi. Idan kana son sanin halin babban jet, sai ka yi tafiya mai ɗan nisa a gudu ɗaya, ka tsaya a wuri mai aminci ka kashe ba tare da barin injin ya daɗe a silo ba. Fetur marar dalma na yanzu ba ya rina fulogi kamar na da, saboda haka sabon fulogi yakan daɗe da haske ko da saiti daidai ne. Ka jera su duka bisa tsarin silinda ka kwatanta. Idan ɗaya ne kawai ya bambanta, matsalar ta wannan silinda ce, kada a taɓa saitin mai saboda ita.

Tambaya: Injiniya, aiki ya mayar da ni wuri mai tsaunuka da tsayinsa ya kai mita 1,500 daga teku. Motata mai kafiretar Weber ta rage ƙarfi, tana kuma baƙanta fulogi, alhali lafiyarta ƙalau kafin in taho. Sukuru zan juya ko jet zan canza? Daga wani ma'aikaci.

Amsa: Malam, duka biyun, amma kowanne da wurinsa. Iska tana rage kauri kimanin kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000 da aka hau, ita kuwa kafireta ba ta da hanyar sanin haka, saboda haka cakuɗin yakan karkata zuwa yawan mai da kusan rabin wannan adadi. A tsayin da kake, bambancin ya isa ya baƙanta fulogi. Ka fara da sake saita silo kamar yadda na bayyana a sama, za ka ga sukurun yana son shiga kaɗan. Idan kana amfani da agogon tsotso kada ka firgita da ganin ya sauka, domin yakan ragu kimanin inci 1 a kowace mita 300.

Idan zama za ka yi, babban jet ma yana son ragi. Lambar da ke jikin jet na Weber da Solex faɗin ƙofarsa ce a kashi ɗari na milimita, wato 125 tana nufin milimita 1.25, kuma galibi da biyar biyar suke hawa. Matakin yana da girma fiye da yadda ido yake gani, domin faɗin filin ƙofa ne yake auna mai, kuma daga 125 zuwa 120 ragin kusan kashi 8 cikin 100 ne. Saboda haka mataki ɗaya za ka sauka, ka gwada a hanya, ka duba fulogi, ka saurari ko akwai gardama ko ƙarar ƙas-ƙas a hawan tudu. Kada ka canza abu biyu a lokaci ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi tasiri ba. Kada kuma ka yarda a toshe jet da dalma a sake huda shi, ko a cusa masa silin waya domin rage shi, domin tsawon ƙofar da siffar bakinta suna cikin awon, kuma lambar da ke jikinsa za ta ruɗi duk wanda ya buɗe kafiretar bayanka.

Ƙarfin da ya ragu ba zai dawo duka ba ko da saiti ya yi daidai, domin injin da ba shi da turbo, wato na'urar cusa masa ƙarin iska, yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300, sai dai a yi amfani da ƙaramin giya a hawan tudu. Ka adana tsohon jet ɗin a cikin motar, ka rubuta lambarsa da adadin zagayen sukurun a littafinta. Ranar da za ka sauko ƙasa domin zama ko doguwar tafiya da kaya, ka mayar da shi kafin ka kama hanya, domin jet ɗin da ya dace da tsauni zai bar injin da ƙarancin mai a inda iska take da kauri.